Goggo, ga amsar tambayarki a kan hawan dutsen nan

Assalamu alaikum warahmatullah. Goggo ina wuni, ya gida, ya ƙarfin jikin Baba? Jama'a ku yi haƙuri, muryar nan za ta ɗan yi tsawo. Na saurari saƙon Goggo na daren jiya, cewa Auta ta hana ta sakat sai ta shiga ƙungiyarmu ta masu hawan dutse, ita kuma hankalinta bai kwanta ba. Tana tambaya me muke yi a can, ina sallah, kuma me ya kai 'ya mace daji. Na ga gara in amsa a nan kowa ya ji, don na san ba ita kaɗai ke da wannan damuwar ba.

Goggo, ba wanda zai zo yau mu kai shi dutsen Afadjato na yankin Volta gobe. Sabon shiga daga Ayi Mensah yake farawa. Kin san hanyar Aburi ai, in an wuce Madina da Adenta da Oyarifa, daidai inda titi ya fara hawa. Ran Asabar kowa ya yi asuba a gida, mota ta kwashe mu, kafin gari ya gama wayewa mun fara takawa zuwa Peduase. Kwalta ce fa, ba daji ba, kuma mutanen Ankara, babban birninmu na Ghana, ne cike da hanyar, maza da mata, har da tsofaffi masu sanda. A nan muke gane numfashin mutum, mu ga gwiwarsa, mu ga takalminsa. Wanda ya zo da silifas a mota zai jira mu, ko ɗan waye.

Kuma bari in gaya miki abin da ya riƙe ni a harkar nan. Ni da Auta lungu ɗaya ya haife mu a Nima. Ki ɗaga kai, kwanon maƙwabta za ki gani da wayar lantarki. Ranar da na fara hawa, mun kai wata kwana na tsaya ina haki, sai na juya. Wallahi Goggo, ga Ankara can ƙasa a shimfiɗe, fitilu ba su gama mutuwa ba, hazo ya kwanta a kan rufin gidaje kamar an yafa mayafi. Wata yarinya 'yar Mamobi da ke gefena ta kama hannuna ta ce, "Yaya, ashe haka garinmu yake da faɗi?" Shekararta 19, ba ta taɓa ganin inda take zaune daga sama ba. Yaranmu na zango sun san Makka da Dubai a waya, amma ƙasar da aka binne cibiyarsu ba su san ta ba. Wannan abin yana ci mini rai ƙwarai.

To in mutum ya saba da Peduase, sai Shai Hills, a hanyar Akosombo. Can ne ake koyon kama dutse da igiya, da hular kwano, da ɗamarar da ake ɗaure ƙugu. Ba mai taɓa dutse sai mai koyarwa ya duba ƙullin igiyarsa da hannunsa. Akwai manyan birai tun daga bakin ƙofa, in suka ga leda a hannunki sai sun biyo ki, shi ya sa abinci a cikin jaka yake zama. Ma'aikatan wurin suna kai mu koguna inda mutanen Shai suka zauna a da, kafin Turawan Ingila su kore su daga kan duwatsun a 1892. Ki ga matsatsin da ake bi a shiga, ga warin jemagu, ki ce mutane sun yi rayuwa a nan har sun haihu. Yaranmu sukan yi tsit.

Afadjato kuwa sau ɗaya muke zuwa a shekara, bayan ruwa ya ɗauke. Tafiya ce ta gaske. Da duhun asuba muke barin Ankara, mu haye gadar Adomi a Atimpoku, inda mata ke zagaye mota da abolo da ƙananan kifin nan soyayye, mu bi ta Peki da Kpeve, mu karya a Golokwati zuwa ƙauyen Liati Wote. Afadjaton nan shi ne dutsen da muka haddace a firamare, mita 885 in ji littafin makaranta. A ƙauyen ake biyan kuɗin shiga a ba mu ɗan jagora ɗan gari, ba ma hawa mu kaɗai. Hanyar a tsaye take Goggo, ba zan ɓoye miki ba. Wani wurin saiwar bishiya za ki kama ki ja jikinki, gumi na shiga ido, cinya na rawa. Dokarmu ita ce mai rauni a gaba, mai ƙarfi a baya, sannu ba ta hana zuwa. In kin kai sama, ƙauyuka sun koma kamar ƙwayar gero, ga duwatsun Togo a gabanki. Washegari mu wuce Wli kusa da Hohoe, mu bi ƙananan gadoji a cikin kurmi har inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, jemagu dubbai maƙale a jikin bangon.

Kwahu ma mukan je lokacin Ista kallon masu tashi da lema daga dutsen Odweanoma su sauka a Nkawkaw, abin da aka fara tun 2005. Wannan kallo ne kawai, ba ya cikin tsarinmu.

Maganar sallah. Goggo, da a ce ana barin sallah a tafiyar nan, ni da kaina ba zan kai wata biyu a ciki ba. Buta da darduma suna cikin kayan ƙungiya kamar yadda igiya take. Kafin doguwar tafiya mun zauna da malaminmu ya warware mana hukuncin ƙasaru da haɗa salloli da taimama. Alƙibla a waya muke dubawa. Na taɓa yin la'asar a kan falalen dutse, iska na kaɗa hijabina, ba ƙarar mota, ba rediyon kowa. Ban taɓa jin natsuwa irin ta ranar ba. Da azumi kuma ba ma hawa, sai ɗan tattaki bayan tarawi.

Sutura, doguwar riga zuwa gwiwa, wando mai kauri a ciki, hijabi gajere wanda ba zai maƙale a ƙaya ba, da kambas mai ƙarfin ƙasa. In kwana ya kama, mata ɗakinsu daban, kuma ni da wata Hajiya mai 'ya'ya huɗu muke kwana a bakin ƙofa.

Haɗari kuwa akwai shi, ƙarya ne in ce babu. Kowa a nan ya tuna abin da ya faru a Kintampo, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, a watan Maris na 2017, da iska ta kayar da bishiya a kan masu wanka a ƙarƙashin ruwan, aka rasa kusan mutum 20, yawancinsu ɗalibai. Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu. Shi ya sa in hadari ya haɗo, ko mun biya kuɗin mota, ko saura taku goma mu kai, juyawa muke. Mu ma mun taɓa ganin tashin hankali. Wata yarinya ta ɓoye mana tana da asma don kada a hana ta zuwa, ta kuma bar abin shaƙarta a mota. A tsakiyar dutse numfashi ya sarƙe. Na rungume ta a ƙirjina ina jin ƙirjinta na kuka kamar usur, leɓenta ya bushe, wani yaro ya sauka da gudu ya ɗauko maganin. Allah ya kiyaye. Daga ranar ba mai shiga motarmu sai da takardar da iyaye suka sa hannu, an rubuta ciwon da yake da shi da lambar wanda za a kira. Kuma duk bayan 'yan watanni wata nas 'yar unguwarmu tana koya mana taimakon gaggawa, ɗaurin targaɗe, abin yi in mutum ya suma, da saran maciji.

Kuɗi kuma adashi muke yi, kowa ya tura ɗan abin da ya samu ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, duk sati, don kada tafiyar Volta ta zo wa mutum a sama. Ɗalibai ana rage musu. In za mu sauko, kowa da buhunsa, muna tsince ledar ruwa da robobin da wasu suka zubar.

Don haka Goggo, ba na cewa ki amince yau. Asabar ɗin nan ki shirya ke da Auta, zan biyo muku bayan asuba, motar tana tashi daga gaban babban masallacin Kanda. In ƙafa ta ƙi, ki zauna da direba a Ayi Mensah ki sha koko, ki ga su waye muke tafiya da su. In kuma kin ji ƙarfi, ki taka da ni zuwa kwanar nan da na gaya miki. Auta ta karya da wuri, ta zo da ruwa gora biyu. A gaishe mini da Baba. Sai na ji daga gare ki.