Tufka ko murɗi, jabu ko kwaikwayo?

Wata ɗaliba mai karatun haɗa magunguna ta turo tambaya, wai za ta yi bayani da Hausa kan ƙwayoyin sinadari da masana kemistiri ke ƙerawa su yi kama da feftayid (gajeren jerin amino asid, wato tubalan da ke gina furotin a jiki) mai lanƙwasa kamar sifirin, shin ta ce tufka? sannan ta kira su jabu? kuma me za ta kira yinsu da yawa?

To ɗiyata, tufka dai a'a. Mai tufka zare biyu ko uku yake haɗawa ya murza a cinya har su zama igiya, shi kuwa wannan silin amino asid guda ɗaya ne tal yake kewaya kansa, duk zagaye ɗaya amino asid 3.6, siffar da su Linus Pauling, masanin kemistiri, suka bayyana a 1951. Ki ce murɗaɗɗe, kowa zai gane. Amma abokiyar tufka wato warwara tana da aiki a nan, don matsalar kenan ma, guntun feftayid in ya shiga ruwan jiki warwarewa yake, kuma sinadaran narka abinci su daddatsa shi, shi ya sa insulin, maganin ciwon suga, allura ake yi ba haɗiya ba. Sai masana suka koma ɗinke murɗin da wata 'yar gada ta sinadari yadda su Gregory Verdine suka yi a jami'ar Harvard a 2000, wasu kuma suka ƙera wata ƙwayar daban wadda rassanta ke tsayawa daidai inda na ainihin feftayid ɗin ke tsayawa.

Jabu kuwa kar ki soma wallahi, a kunnen Bahaushe jabun magani na 'yan damfara ne, mutane za su gudu. Jabu yaudara ce a cikinsa, kwaikwayo babu. Ki ce makwaikwayin feftayid.

Kin kuma kawo karin maganar nan, kama da wane ba ta wane. Ma'anarta kamanni ba ya mai da kai mutumin, kuma ta zauna daram, sai dai a nan rashin zama wanen shi ake nema, furotin da maganin ke hari a jiki ya karɓe shi amma masu datsa su kasa gane shi.

Batun yinsa da yawa ki ce ƙerawa a masana'anta kawai. Ki ba da misalin enfuvirtide, maganin ƙanjamau da Amurka ta amince da shi a 2003, amino asid 36 ne kacal amma sai da aka bi mataki sama da 100 kafin a haɗa shi, tsadarsa daga nan ta faro.