Likita, AI ta haɗa min lemun tsami da kurkum, in shafa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni matar aure ce a Zariya, shekaruna 29, ina shayar da yarinya 'yar wata bakwai. Tun ina da ciki wani baƙi-baƙi ya fito min a kumatu da goshi. Bayan suna wata ƙawata ta kawo min haɗin man shafawa a roba, ta ce oganik ne, babu kemikal ko ɗigo. Wata huɗu ina shafawa, fuska ta yi fes. Da ya ƙare na yi kwana biyar ban shafa ba, sai ƙuraje suka feso, fuskar na zafi kamar an watsa min barkono, baƙin kuma ya dawo ya fi na da. Na ɗauki hoto na tura wa manhajar AI da ke wayata, na ce ta ba ni haɗin gargajiya. Ta ce in kwaɓa lemun tsami da zuma da kurkum. Ta kuma ce hulba za ta ƙara min ruwan nono. Shin in bi abin da ta ce? Kuma gaba ɗaya za a iya dogara da ita wajen gyaran jiki da lafiyar mata?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya raya yarinya. Kafin komai: kada ki bari lemun tsami ya taɓa fuskar nan. Fatar mutum tana da ɗan tsami nata na halitta, wajen 5 a ma'aunin tsami, shi kuwa ruwan lemun tsami wajen 2 yake, kuma a wannan ma'aunin ƙaramar lamba ita ta fi tsami, wato ya ninka ta tsami wajen sau dubu. Ko a lafiyayyar fata yana iya ƙona wuri, balle idan an shafa an fita rana. Fatarmu ta baƙaƙe kuma tana da wani hali, duk inda ta ji ciwo sai ta bar baƙin tabo a wurin. Abin da kike neman gogewa shi za ki ƙara.

Ban ga fuskarki ba, amma labarin da kika bayar na ji irinsa ba adadi a ɗakin duba marasa lafiya. Baƙin da ya fito miki da ciki ya yi kama da wanda likitoci ke kira melasma, sauyin sinadaran jiki na goyon ciki ne ke tayar da shi, rana da zafi kuma su ƙara masa ƙarfi. A wasu matan yakan dushe da kansa cikin watanni bayan haihuwa. Man da aka kawo miki shi ne abin da ya fi damuna. Babu wani ganye ko mai na gargajiya da zai haskaka fuska cikin 'yan makonni, sannan a daina kwana biyar ta kama da wuta. Wannan aikin sitiroyid ne, irin su clobetasol da betamethasone, magungunan da ake rubuta wa mai cutar fata na ɗan lokaci ƙalilan. Masu haɗin mai sukan matse tub biyu ko uku a cikin man kaɗe, su zuba turare, su ce oganik. Wasu haɗe-haɗen har da sinadaran bilicin masu illa irin su hydroquinone ko makuri (mercury) a ciki. Matsalar ta yi yawan da hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin lamarin gaggawa na lafiyar ƙasa a shekarar 2023.

Akwai wata baiwar Allah da ta taɓa zuwa min da irin wannan robar a ƙulle cikin leda, ba suna, ba rubutu, sai ƙamshi. Shekara biyu tana shafawa har jiki. Da ta ɗaga niƙabi, fatar kumatunta ta yi sirara tana ƙyalli, ana ganin jajayen jijiyoyi kamar zare a ƙarƙashi, gaɓoɓin yatsunta baƙi wuluk, ga nankarwa ta keto mata a damtse. Da gaske take rantsuwa cewa ita ba ta taɓa bilicin ba, kayan gargajiya kawai take shafawa. Na yarda da ita, domin haka aka gaya mata. Har yau ina tuna yadda ta riƙe ledar nan tana kallo.

To me ya sa manhajar ba ta gano wannan ba? Ki sake duba abin da kika tambaye ta. Kin ce ta ba ki haɗin gargajiya, ta ba ki haɗin gargajiya. Ita AI, wato ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT, da ta fito a ƙarshen 2022, da Gemini da Meta AI, an horar da su ne da tarin rubuce-rubuce, suna jera kalmomin da suka fi dacewa da tambayar da aka yi musu. Intanet cike take da haɗin lemun tsami da zuma, saboda haka shi ne kan gaba a bakinta. Sannan tana da saurin bin ra'ayin mai tambaya. Likita kuwa kafin ya buɗe baki sai ya tsare ki da tambayoyi: me kike shafawa, tun yaushe, wa ya haɗa, kina shayarwa, kina girki da itace ko gawayi, ya al'adarki take? Amsar matsalarki tana cikin robar da ƙawarki ta kawo, kuma manhajar ba ta san da robar ba.

Maganar hoto ma sai an yi hattara. A 2021 masu bincike a Jami'ar Oxford ta Ingila sun tattara rumbunan hotunan kansar fata guda 21 da ake koyar da kwamfuta da su, hotuna sama da dubu ɗari. Cikin 2,436 da aka rubuta launin fatar masu su, guda 10 ne kacal na masu wankan tarwaɗa, ɗaya tak na baƙar fata. Wanda ya yi karatunsa a kan farar fata zai nemi ja a inda fata ta kumbura, alhali a jikinmu kumburin yakan fito da launin toka ko makuba ko baƙi. An fara gyara, misali Google ta ɗauki ma'aunin launin fata mai hawa 10 na Farfesa Ellis Monk a 2022, amma da sauran tafiya. Ƙari a kan haka, kyamarar waya kanta tana gyara fuska ba tare da an sa ta ba, hasken ɗaki daban, na tsakar gida daban. Ni da nake tsaye gaban mara lafiya sai na taɓa fatar, wani lokaci na kankari ɗan saɓa a kai ɗakin gwaji, kafin in bambance makero da ƙyasbi da sauran masu kama da su.

Duk da haka ba zan ce ki goge ta daga wayarki ba, ni kaina ina amfani da ita. Inda ta fi ƙarfi shi ne karatu. Ki ɗauki kwalbar mai da aka rubuta sinadaranta da ƙananan haruffan Turanci, ki ɗauki hoton rubutun, ki ce ta bayyana miki aikin kowanne, ta nuna miki wanda mai ciki ko mai shayarwa za ta guje wa. A nan takan yi ƙoƙari sosai, za ta gaya miki retinol, wani sinadarin da ake sawa a man gyaran fata, ba na mai ciki ba ne, za ta nuna miki inda aka ɓoye turare mai sa ƙaiƙayi. Sai dai abin da aka rubuta kawai take gani. Idan mai haɗawa ya zuba sitiroyid ya rubuta zuma da karas, ita ma zuma da karas za ta karanta miki. Robar da ba rubutu kuwa, ba ta da ta cewa a kanta.

Tana kuma da amfani wajen ajiye lissafi. Mata da yawa in na tambaye su yaushe ƙurajen ke tsananta, sai su ce kullum. Da a ce mace za ta yi wata biyu tana rubuta ranar da al'ada ta zo, abin da ta shafa, yadda ta yi barci, sai a ga abin yana da tsari. Ki riƙa rubutawa, ki ba manhajar ta jera miki a taƙaice, ki zo wa likita da shi. Haɗuwar ƙuraje masu taurin kai da al'ada mai tsallake watanni da gashin haɓa, alal misali, alama ce da ke sa mu duba ƙwan mace da sinadaran jiki, ba fuska kaɗai ba. Irin wannan ba a gano shi da kwaɓin kurkum.

Yadda ake tambayar ma yana canza amsar. Maimakon "ba ni haɗi", ki ce mata: ni baƙar fata ce, ina arewacin Najeriya, yanzu hunturu ne, ina shayarwa, na shafa man da ban san abin da ke ciki ba wata huɗu, da na daina fuskata ta yi kaza. Yi min tambayoyi kafin ki ba ni shawara, kuma ki faɗi illar duk abin da kika ambata. Za ki ga amsar ta sha bamban. In ta ambaci wani bincike, kada ki ɗauka tabbas ne, tana iya ƙirƙiro sunan bincike da na likita ta faɗa da cikakken ƙarfin gwiwa. Hausarta kuma ba ta kai Turancinta ba, musamman a sunayen itatuwa. Bishiya ɗaya wani ya ce darbejiya, wani maina, wani bedi, wani dogon yaro. Idan mu kanmu sai mun tsaya mun fahimci juna, ina ga na'ura? Duk abin da za a sha, kada sunansa ya fito daga bakinta kaɗai.

Hulba iyayenmu sun daɗe suna ba mai jego, wasu matan suna ganin amfaninta, amma binciken da aka yi a kanta bai tsaya a magana ɗaya ba. Tana iya saukar da sukarin jini, tana sa zawo ga wasu, kuma mai ciki ba ta shan ta da yawa. Ɗan abin da ake sawa a kunu ba damuwa ba ne ga mai lafiya. Abin da ya fi kawo ruwan nono shi ne yawan ba yarinya ta tsotsa, da cin abinci, da shan ruwa, da samun hutu in an samu mai taimako a gida.

Ba na raina kayan gyaranmu. Man kaɗe mai kyau, wanda ba a gauraya ba, yana daga cikin mafi alherin abin da za a shafa wa kaushi da faso a hunturu, sai dai ba ya tare rana yadda ake yayatawa, kuma wasu fuskokin yana toshe su. Sabulun salo yana wanke maiƙo, amma tokar da ke cikinsa tana busar da fata, a bar shi a jiki, kada a dirje fuska mai ciwo da shi. Dilka da halawa sai fata tana lafiya. Jan lalle na ganye ba laifi ga yawancin manya, baƙin lallen da ake zuba wa dayis ɗin gashi shi ne ke tayar wa amare bororo a hannu ana gobe ɗaurin aure. Kowane sabon abu, ki fara shafa kaɗan a cikin damtse na wasu kwanaki kafin ya hau fuska.

Abu ɗaya da nake roƙon 'yan'uwa mata: kada a tura wa manhaja hoton tsiraici ko na wani ɓoyayyen wuri don neman maganin sanyi. Abin da kika tura yana zuwa kwamfutocin kamfani ne a wata ƙasa, ba a wayarki yake tsayawa ba. Ƙaiƙayin gaba da fitar ruwa kuma suna da sanadi iri-iri da sai gwaji ke rarrabewa, matsi da turaren tsuguno a kan ciwo sukan ƙara dagula shi.

Yanzu ke, ga abin yi. Kada ki koma wa man nan ko da fuskar ta matsa miki, zafin zai iya ɗaukar makonni kafin ya lafa. Ki wanke da ruwa mai ɗan sanyi da sabulu marar ƙamshi, ki shafa mai marar turare, ba gogewa, ba kurkum, ba komai mai yaji. Ki nemi man kariyar rana mai lamba 30 ko sama, wanda ke da ɗan launi kamar hoda ya fi taimaka wa irin baƙin nan, ki kuma rage tsayuwa a kan murhu gwargwadon hali. Cikin makon nan ki je sashen fata, ga asibitin koyarwa na Shika kusa da ke, ki tafi da robar ko da ta ƙare, ki faɗa musu kina shayarwa, domin makuri yana iya bi ta nono da ta goguwar fata ya kai ga yarinya. In har jiki kika riƙa shafawa, kuma kika fara jin kasala mai tsanani ko jiri ko amai bayan dainawar, kada ki jira ranar asibitin fata, ki tafi a ranar. Ita ma ƙawar taki ki sanar da ita cikin lalama, mai yiwuwa irin robar ce a gaban madubinta.