Kumburin Furosteti: Abin da Ɓera Ke Nunawa da Abin da Ba Ya Nunawa

Tambaya: Mahaifina yana Makka, shekarunsa 67. Likita ya ce furostetinsa ya kumbura, shi ya sa yake tashi fitsari sau huɗu da dare. Na ji an ce a gwajin ɓeraye kumburin na rikiɗewa ya zama daji. Gaskiya ne? Daga wani mai karatu a Jidda.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Ɗan'uwa, abu biyu ne aka haɗe maka. Furosteti wata 'yar gaɓa ce ta maza da ke ƙarƙashin mafitsara. Kumburin tsufa yana tasowa ne a tsakiyar furosteti, daidai inda bututun fitsari ya ratsa, sai ya matse shi. Daji kuwa galibi daga gefen waje yake farawa, kuma kumburin ba ya komawa daji. Sauyin da masana ke bibiya a matsayin share fagen daji shi ne PIN, wato ƙwayoyin da ke shimfiɗe cikin ƙananan bututun furosteti sun canza kama amma ba su keta iyakarsu ba. Sai an ɗauki gutsuren nama an duba a madubin likita ake ganinsa.

Ɓera da wuya ya kamu da wannan daji da kansa, sai an sa shi. A 1995 Norman Greenberg da abokan aikinsa a Amurka suka samar da ɓeran TRAMP, wanda aka dasa wa ƙwayar gado daga ƙwayar cutar SV40 don ta toshe sinadaran da ke tsare ƙwayoyin jiki daga zama daji. Yana nuna PIN tun yana ɗan makonni. Wasu ɓerayen kuma ana cire musu ƙwayar gadon Pten ne, wadda ke hana daji tasowa. Idan kumburi ake son nazari, sai a dasa wa ɓera testosteron da estradiyol, wato sinadaran jinsi na namiji da na mace, a ƙarƙashin fata, fitsari ya riƙa tsaya masa. Ka ga gwaji biyu ne daban. Ga shi kuma furostetin ɓera sassa huɗu ne a rarrabe, na mutum dunƙule yake, kuma PSA, sinadarin furosteti da ake aunawa a jinin mutum, ɓera ba ya samar da shi ko kaɗan.

Duk da haka mutum ɗaya na iya samun kumburi da daji tare, don haka kada a tsallake bincike. A yi wa Baba gwajin jini na PSA, likita ya taɓa furostetin da yatsa, a duba ragowar fitsarin da ke kwana a mafitsara bayan ya gama. In an ba shi finasteride, maganin rage kumburin furosteti, duk likitan da zai karanta sakamakon ya sani, domin maganin na rage PSA kusan rabi bayan wata shida.

A kula da maganin mura, musamman lokacin Hajji da kowa ke tari. Masu buɗe hanci da wasu na ƙaiƙayi suna iya toshe fitsarin dattijo gaba ɗaya. In hakan ta faru, a kai shi sashen gaggawa a daren nan a sa masa roba.