Ɗana ɗan baya ne a wasan hoki, ya bugu a ka amma bai suma ba: ya buga wasan Asabar?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A Ontario muke zaune, ƙasar Kanada. Ɗana mai shekara 15 ɗan baya ne a ƙungiyar hokin ƙanƙara ta 'yan ƙasa da shekara 16. Ran Lahadi ya juya ɗauko fak (ɗan faifan roba da ake bugawa a hoki) a bayan raga, wani yaro ya ingiza shi ta baya, kansa ya haɗu da gilashin katanga. Bai suma ba, ya tashi ya ƙarasa wasan. Tun ranar yake kukan ciwon kai, hasken waya ma damunsa yake. Asabar akwai gasar da masu zaƙulo 'yan wasa na OHL, babbar lig ɗin hokin matasa ta Ontario, za su halarta. Wani da ke ba mu shawara ya ce tunda bai suma ba, kuma hoton kai bai nuna komai ba, a ba shi magani ya fita, don in damar nan ta wuce shi ke nan. Wallahi hankalina ya rabu biyu.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ya buga ran Asabar, kuma kada ya je atisaye kafin likita ya gan shi. Ciwon kai na kwanaki da ƙin haske bayan buguwa alamun girgizar ƙwaƙwalwa ne har sai likita ya ce ba ita ba ce.

Maganar "ai bai suma ba" ita ce ƙaryar da ta fi kowace yawo a bakin filayen hoki, kuma ita ta fi cutar da yara. Mafi yawan waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta girgiza ba sa suma ko na daƙiƙa ɗaya. Ƙwaƙwalwa a cikin ruwa take, idan kai ya tsaya cak a jikin gilashi ita tana ci gaba da tafiya, ta bugi ƙashi ta dawo, ta kuma ɗan murɗe. Hular kwano aikinta ta hana ƙoƙon kai fashewa, ba ta iya riƙe abin da ke motsi a ciki, ko ta dala ɗari huɗu ce. Hoton CT kuwa zubar jini da karaya yake nema. Girgiza ba ta fitowa a cikinsa, don matsalar ta aikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ce, babu tsagar da ido zai gani. Hoto mai kyau albishir ne cewa babu jini, iyakarsa ke nan. Duk wanda ya ɗauki wannan takarda ya mayar da ita izinin wasa, ko bai sani ba ne, ko kuma yana da abin da yake nema a jikin yaron.

Haɗarin yana a bugu na biyu. Yaron da bai warke ba yana jinkirin ganin abu da jinkirin kaucewa, don haka ya fi sauƙin sake buguwa, kuma ƙwaƙwalwar da ke jinya ba ta ɗaukar ko ƙaramin bugu. A matasa akan samu, ko da yake ba kasafai ba, ta kumbura nan take. Abin da ya kashe Rowan Stringer ke nan a Ottawa a 2013, yarinya 'yar shekara 17 mai wasan rugbi, bayan ta ci gaba da wasa da ciwon kai. Sunanta aka sa wa dokar da Ontario ta yi a 2018, wadda ta wajabta a fitar da duk ɗan wasan da ake zargin ya girgizu, kuma ba zai dawo ba sai da takardar likita ko ƙwararriyar nas. Takardar nan da ƙungiya ke turo muku farkon kaka ku sa hannu, wadda yawancin iyaye ke latsawa ba su karanta ba, a kanta take magana. Kocin da ya bar ɗanka ya ƙarasa wasan Lahadi ya kamata a tambaye shi dalili.

Ko manya ba su tsira ba. Sidney Crosby, tauraron NHL (babbar lig ɗin hoki ta Amurka da Kanada), ya bugu ran 1 ga Janairun 2011, ya sake fita wasa, ya ƙara buguwa bayan kwana huɗu. Sauran kakar ta wuce shi, da mafi yawan wadda ta biyo. Chris Pronger, ɗaya daga manyan 'yan bayan zamaninsa, a 2011 ya buga wasansa na ƙarshe saboda alamun da suka ƙi barinsa. Waɗannan suna da likitocin ƙungiya dare da rana. Ɗanka kai da mahaifiyarsa yake da su.

Maganin ciwon kai don ya fita wasa shi ne mafi munin shawarar. Ciwon shi ne ma'aunin da ake duba warkewa da shi, in an danne shi an rufe ido ne kawai. Farasitamol don ya samu barci babu laifi idan likita ya yarda. In ya fara amai a kai a kai, ko ciwon na ƙaruwa, ko yana ganin abu biyu, ko wuya na ciwo, ko hannu ya rasa ƙarfi, ko ana shan wahalar tashinsa, to asibitin gaggawa za a nufa a daren, ba jiran safiya.

Komawa mataki shida ce, kowane mataki aƙalla awa 24. Kwana ɗaya zuwa biyu na farko hutu ne da rage waya, amma ba kulle shi a ɗaki mai duhu na mako biyu ba, wannan tsohon yayi ne da aka bari. Daga nan harkokin gida da tafiya a ƙasa, sai keken motsa jiki, sai sulɓi shi kaɗai a kan ƙanƙara ba mai taɓa shi, sai atisaye da abokai ba karo, sai cikakken atisaye, sannan wasa. Duk abin da ke da haɗarin karo sai da sa hannun likita, kuma sai ya iya zaman aji cikakken yini ba ciwon kai. Idan alamu suka tsananta a wani mataki, a tsaya a sake gwadawa washegari. Yara da yawa sukan kai mako huɗu. Ka lissafa da kanka, Asabar ba ta shiga.

Idan ya dawo, a gyara abin da ya jawo buguwar, don wannan juyawar ita ce abincin ɗan baya na kullum. Abokan hamayya su wurga fak can ƙurya, shi ya juya musu baya ya bi. Ya waiga ta kafaɗa sau biyu kafin ya isa. Kada ya tunkari katanga kai tsaye, ya zo mata a karkace yana lanƙwasa. Wuri mafi haɗari shi ne kamar mita ɗaya daga katanga, inda turi zai aika kai gaba, gara ya manne da ita kafaɗa da ƙugu su sha bugun. Abokin bayansa da gola kuma su riƙa yi masa magana da ƙarfi.

Batun dama kuwa, mai shawararku bai san sana'ar ɗan baya ba. Zaɓen OHL zagaye 15 ne, kuma masu zaƙulowa kaka guda suke bin yaro, ba Asabar ɗaya ba. Abin da suke dubawa shi ne sulɓinsa da baya, tazarar da yake bari tsakaninsa da mai kawo hari, inda yake ajiye sanda, da fas ɗin farko da ke fitar da ƙungiya daga gida. Yaro mai jiri duk waɗannan ne za su lalace masa a gabansu. Kuma ɗan baya a hankali yake nuna. Nicklas Lidström na 53 aka ɗauka a zaɓen NHL na 1989, bai ci kofin Norris na gwarzon ɗan baya ba sai yana da shekara 31, daga nan ya tara bakwai. Mark Giordano babu ƙungiyar NHL da ta zaɓe shi ko kaɗan, ya ci kofin a 2019 yana da 35. Rumun Ndur, haifaffen Zariya a 1975 wanda ya girma a Ontario ɗin nan taku, daga ƙungiyar Guelph Storm ta OHL ƙungiyar Buffalo ta NHL ta ɗauke shi a zagaye na uku a 1994, ya yi shekaru yana kai da komo tsakanin ƙaramar lig da babba, ya kuma buga wa New York Rangers da Atlanta. Kowace ƙungiyar NHL galibi 'yan baya shida take fitarwa a wasa, manyansu na yin sama da minti 23 a dare, wasa sama da 80 a kaka. Wanda zai kai can sai ya iso da kai lafiyayye.

Gobe ka kira likitan iyali, ka rubuta masa ranar buguwar da alamun kowace rana, ka kuma sanar da koci a rubuce cewa yaron yana ƙarƙashin dokar Rowan. In yana son zuwa kallon gasar, ya je in hayaniya da fitilun filin ba su tayar masa da ciwon ba, amma jakar kayansa a bar ta gida.