Na taɓa kuɗin Zumuntar Mata da niyyar mayarwa: aro ne ko zunubi?

Tambaya: Fasto, ni ce ma'ajiyar Zumuntar Mata a majami'armu. Bara da aka koro ɗana daga makaranta saboda kuɗin makaranta, na ɗauki naira 60,000 daga asusun zumunta na biya, da niyyar in mayar in na sayar da wakena. Yau wata 9 ke nan ban mayar ba, ba kuma wanda ya sani. Kullum ina roƙon Allah ya gafarta mini kasawata, amma duk ranar Jibin Ubangiji sai hannuna ya riƙa rawa. Tunda ina da niyyar biya, wannan zunubi ne? Kuma lalle ne sai na faɗa wa wani?

Amsa: 'Yar'uwata cikin Almasihu, salamar Ubangiji ta kasance tare da ke. Ban raina abin da ya kai ki ga wannan ba. Uwar da ta ga ɗanta ya dawo gida da jaka tun da hantsi, sauran yara suna aji, ita kaɗai ta san zafin da take ji. Amma gaskiya kika nema, ba kuwa zan rufe ki ba: i, zunubi ne. Aro yana da mai bayarwa. Ke kuwa ba wanda ya ba ki. Amanar matan da ke sa ɗari biyu-biyu daga cinikin ƙosai da kunu kika taɓa ba da saninsu ba.

Kalmar da ta fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarki ita ce "kasawa". Mu 'yan Adam gwanaye ne wajen sa wa laifinmu suna mai taushi. Dubi Haruna a Fitowa 32. Shi ya karɓi 'yan kunnen zinariya, shi ya ƙera ɗan maraƙin da hannunsa, amma da Musa ya tsare shi sai ya ce jefa zinariyar kawai ya yi cikin wuta, maraƙi ya fito. Saul ma a 1 Sama'ila 15 yana cewa ya cika umarnin Ubangiji, ga kukan tumakin Amalekawa yana tashi a bayansa. Da aka matsa masa ya ce jama'a ce ta rage su domin hadaya.

Dauda ya fi su zurfi cikin laifi, ya kwana da matar Uriya, ya kuma sa aka kashe mijin a bakin daga. Har sai da annabi Natan ya zo masa da labarin matalauci mai 'yar tunkiya guda ɗaya, wadda take ci a akushinsa, take kwana a ƙirjinsa. Dauda ya husata, ya yanke wa mai kuɗin nan hukunci, Natan ya ce masa ai kai ne mutumin. Saul ma daga baya ya ce ya yi zunubi, amma ya haɗa da hujjar tsoron jama'a. Dauda kuwa jimla ɗaya ya faɗa: na yi wa Ubangiji zunubi. Bai kawo hujja ba. A Zabura 32 kuma ya faɗi yadda shiru ya cinye masa ƙasusuwa, ƙarfinsa ya ƙafe kamar a zafin bazara. Rawar hannunki ke nan, 'yar'uwa. Ni dai godiya nake yi wa Allah da take nan, domin lamirinki bai mutu ba.

Sai batun faɗa wa wani. Akwai zunubin da ke tsakaninki da Allah kaɗai, wannan kuwa yana da masu haƙƙi. Littafin Firistoci 6 ya yi magana a kan wanda ya ci amanar ajiya: ya mayar da abin cif, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, a ranar da zai kawo hadayarsa. A lissafinki ƙarin zai zama naira 12,000. Ban ɗora miki wannan ƙari a matsayin doka ba, jinin Yesu ya riga ya biya abin da rago ba ya iya biya. Amma tsarin yana nan: Yesu da kansa a Matiyu 5 ya ce in kana gaban bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da magana da kai, ka ajiye baikon, ka je ku shirya tukuna.

Ga shawarata. Cikin makon nan ki ɗauki littafin asusu ki sami shugabar zumunta, in kina jin nauyi ki tafi da matar fasto. Ki faɗi adadin, ki faɗi watan, ki ce "na ɗauka", kada ki ce "an taɓa". Ki riƙe duk abin da ke hannunki, ko dubu biyar ce, ku rubuta yadda za ki biya sauran. Ki kuma yarda su karɓi ajiyar daga hannunki in sun ga ya dace. Zai yi ɗaci, wata ma tana iya yin surutu a kai. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, gara ki kai kanki kafin lissafin ƙarshen shekara ya kai ki.

Kada kuma Shaiɗan ya raɗa miki cewa almajirancinki ya ƙare. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku yana jin ɗumin wutar gawayi, Yesu kuma a bakin Tekun Tibariya, gefen wata wutar gawayin, ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, ya danƙa masa kiwon tumakinsa. Alkawarin 1 Yahaya 1:9 naki ne: in mun bayyana zunubanmu, shi mai aminci ne, mai adalci, zai gafarta ya kuma tsarkake mu. In kin je kin dawo, ki sake rubuto mini. Ina sa ki da yaron cikin addu'a.