Dalilin yada zango a Dutsen Wai

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka tambayi dalilin da ya sa duk ɗan gidanmu da ya tashi daga Zariya zuwa Jos sai an ce lallai ya tsaya Dutsen Wai ya gai da dangi, ya ajiye musu goro, alhali tafiyar 'yan awoyi ce a mota. Na ji daɗi da ka tambaya, don sa'o'inka da yawa wucewa kawai suke yi.

Abin ya samo asali ne daga ƙaramin jirgin ƙasa da ya taɓa bin wannan hanya. Turawa suka fara shimfiɗa dogonsa daga Zariya a 1911, ya kai Bukuru a 1914, mil 143. Faɗin dogon ƙafa biyu da rabi ne, na babban jirgin Kano kuwa ƙafa uku da rabi, shi ya sa duk kayan da ya kawo sai an sauke a Zariya an sake lodi. Jirgin Bauchi ake kiransa, amma bai taɓa shiga garin Bauchi ba. A lokacin ƙasar Jos cikin lardin Bauchi take. Kuma ba don mu aka yi shi ba, don kuza aka yi. Kafin zuwansa a ka ake ɗaukar kuza, 'yan dako su yi kwanaki suna tafiya har Loko a bakin Binuwai.

A wannan dogo gidanmu ya rabu uku. Kakanka ya zauna Zariya yana fataucin goro. Ƙanensa ya bi jirgin ya sauka Dutsen Wai da buhunan hatsi, ya yi aure ya zauna. Autansu kuwa diban gwamna ya kwashe shi lokacin yaƙin Hitila, sa'ad da ake tilasta wa samari haƙar kuza. Mutane da yawa sanyi da yunwa sun kashe su a can, shi Allah ya yi masa sauran kwana, ya zauna Bukuru. Ba mai karatun boko a cikinsu, ba waya. Wanda ya hau jirgi shi ne wasiƙa. In jirgi ya tsaya Dutsen Wai, sai ka tarar da ɗan gida a tasha yana jira, ka miƙa goron Zariya, ka faɗi wanda ya haihu da wanda ya rasu, a ba ka fura da saƙon Bukuru. Wanda ya wuce bai leƙo ba, ya bar gida guda cikin zullumi har wani jirgin.

Na hau shi sau ɗaya da mahaifiyata ina ɗan shekara goma. Wuni muka yi cur. Daga Jengre ya kama hawan dutse yana nishi, hayaƙin kwal na shiga ido, ita kuwa tana ta salati.

Tun 1927 da babban dogo ya iso Jos ta Kafanchan kuza ta koma can, ƙaramin ya rage sai fasinja da hatsi, har aka rufe shi a 1957 aka kwashe ƙarafan. Wasu daga cikin kawunan jirgin suna ajiye a gidan tarihi na Jos, ka je ka gani.

In za ka tafi bayan Sallah, ka biyo ta nan ka karɓi goron. Gwaggonka ta Dutsen Wai ido ya yi rauni, sai ka faɗa mata ɗan wane ne kai tun daga zaure. Ka roƙe ta ta sa yaro ya nuna maka inda tashar take.