Dalilin taje Shih Tzu kafin wanka

Ka tambaye ni, yaro, me ya sa na hana ka zuba wa kare irin Shih Tzu ruwa kafin ka taje shi. Amsar tana cikin gashinsa.

Asalin karen nan ƙasar Sin ne, a fadar sarakuna aka yi kiwonsa, kuma dangin karnukan Tibet ne. A shekarun 1930 ya shiga Ingila, a 1969 AKC, ƙungiyar rajistar karnuka ta Amurka, ta amince da shi. Don zama kusa da mutum aka yi kiwonsa, shi ya sa nauyinsa bai wuce kilo 4 zuwa 7 da rabi ba, ga gashi har ƙasa.

Gashin hawa biyu ne: na sama dogo, na ƙasa mai laushi. Wanda ya tsinke ba ya zuba, maƙalewa yake yi ya zama ƙulli. Da ruwa ya taɓa ƙullin sai ya ƙara ɗaurewa, ya riƙe danshi a jikin fata, daga nan sai ƙaiƙayi da gyambo. Don haka ka yayyafa ɗan ruwan laushin gashi, ka raba gashin layi-layi, ka fara daga bakin gashin ka gangara zuwa tushe, sannan ka bi da matajin ƙarfe har ya taɓa fata. Bayan kunne, hammata da cinyoyi, nan ƙulli yake ɓuya. Ka riƙe gindin ƙullin da yatsu kada ka ja fata. In ya manne sosai, sa injin aski ta ƙarƙashinsa. Kada ka kusanto da almakashi, fatar tana biyo ƙulli sama, nan ake yanka kare. Ka ƙara lura da ɗan wata 10 zuwa 12, lokacin da yake sauya gashi. Kullum sai an taje shi.

Wanka sau ɗaya a mako 3 ko 4 ya isa. Ka busar da shi da iska mai ɗumi kaɗan, don hancinsa gajere ne, zafi yana saurin hana shi numfashi. In ya fara haki sosai, kashe na'urar busar da gashin nan take.

Kuma kada ka taɓa damƙar ƙeyarsa ko ka matse igiya a wuya. Ramin idonsa ba zurfi, matsi na iya turo ƙwayar idon waje. In hakan ta faru, rufe idon da jiƙaƙƙen ƙyalle mai tsabta, a garzaya wurin likitan dabbobi.